Ƙarin Hanji a Wajen Hanji: Ciwon da ke Girma Shiru a Cikin Ciki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin mahauta ana feɗe rago ya san cewa ba tumbi da hanji kaɗai ke cikin dabba ba. Da zarar wuƙa ta buɗe ciki, abin da ido yake fara cin karo da shi shi ne wata shimfiɗa ta kitse mai kama da raga, wadda ta sauko daga tumbi ta lulluɓe hanji kamar mayafi. Idan mahauci ya ɗaga hanjin kuma, sai a ga ashe ba sake yake ba, akwai wani tantani mai jijiyoyin jini da ya rataye shi a bangon baya na ciki. Can bayan wannan kuma akwai wani lungu inda ƙoda take kwance cikin kitsenta. Ɗan Adam ma haka cikinsa yake. Likitoci suna kiran shimfiɗar kitsen omentum, tantanin kuwa mesentari. Domin sauƙin fahimta, a nan za a kira su mayafin hanji da maratayin hanji, wuri na uku kuma lungun ƙoda.

Abinci ba ya bi ta ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare uku. Amma duk da haka akan sami wani irin ƙari yana tsirowa a cikinsu, wanda in aka yanko shi aka duba da madubin likita, ba shi da maraba da ƙarin da ke tsirowa a bangon tumbi ko na hanji. Shi na bangon hanjin ana taƙaita sunansa da GIST, daga haruffan farko na sunansa na Ingilishi, wanda aka samu a waje kuma a ce masa EGIST. Ciwo ne da ba safai ake ganin sa ba. A cikin mutum miliyan ɗaya, kimanin 10 zuwa 15 ne ke kamuwa da GIST a shekara. Fiye da rabinsu a tumbi yake fito musu, kusan kashi 30 cikin ɗari a ƙaramin hanji, kaɗan a babban hanji da dubura. Wanda ake samu a wajen hanyar abinci bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Ke nan birni mai mutum miliyan ɗaya yana iya shekara guda cur bai ga mai wannan ciwo ba ko ɗaya. Ƙarancinsa ɗin nan shi ne babban haɗarinsa, domin abin da likita bai saba gani ba, ba shi yake fara zuwa masa a rai ba.

Ƙwayoyin da ke kaɗa wa hanji ganga

Kafin a fahimci ƙarin, sai an koma ga ƙwayar halittar da ta haife shi. Bangon hanji hawa-hawa ne. Daga ciki akwai laushin fata mai tsotse abinci, daga waje kuma akwai tsoka mai matsewa tana sakewa domin tura abinci gaba. Wannan tsoka ba ta jiran umarni daga ƙwaƙwalwa kafin ta motsa. A tsakanin zarurrukanta akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu rassa, waɗanda suke fitar da ɗan ƙaramin lantarki a kai a kai, kamar sau 3 a minti ɗaya a tumbi, kamar sau 12 a farkon ƙaramin hanji. Yadda makaɗi yake kaɗa wa manoma a gayya su riƙa kai fartanya ƙasa tare, haka waɗannan ƙwayoyi suke yi wa tsokar hanji. Wani masani ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, wanda ake furta sunansa Kahal, shi ya bayyana su a ƙarshen ƙarni na 19, kuma har yau da sunansa ake kiran su. Shi ne ya sami lambar Nobel a 1906 saboda aikinsa kan jijiyoyi.

A jikin kowace ƙwayar Kahal akwai wani furotin mai suna KIT. Aikinsa irin na makunnin fitila ne. Idan saƙo ya zo daga waje ya taɓa shi, sai ya kunnu ya umarci ƙwayar ta rayu ta hayayyafa. In saƙon ya wuce, sai ya mutu.

Shekaru da dama likitoci suna ɗaukar wannan ƙari a matsayin ƙarin tsoka, domin a cikin tsoka ake samun sa, kuma ƙwayoyinsa dogaye ne masu tsini kamar na tsoka. A 1983 waɗansu masana biyu a Amurka, Mazur da Clark, suka lura cewa da yawa daga cikin irin wannan ƙari ba su da cikakkun siffofin tsoka, suka raɗa musu sabon suna. Amma sai a 1998 asiri ya tonu, lokacin da Seiichi Hirota da abokan aikinsa a Jami'ar Osaka ta ƙasar Japan suka nuna cewa kusan duk wani GIST yana ɗauke da furotin KIT, kuma a cikin guda shida da suka bincika ƙwayar gadonsu, biyar suna da gurɓacewa. Gurɓacewar tana sa makunnin ya maƙale a kunne. Ba saƙo, ba umarni, ƙwaya sai rabuwa take yi gida biyu, biyu su zama huɗu. Yanzu an san cewa kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na masu ciwon a KIT matsalarsu take. A 2003 aka gano irin wannan gurɓacewa a wani furotin ɗan'uwansa mai suna PDGFRA, wanda shi ke da alhakin kimanin kashi 10 cikin ɗari. Ya kamata ɗalibi ya lura da cewa ko da yake ana cewa ƙwayar gado, a mafi yawan lokuta ba gadon ciwon ake yi ba. Gurɓacewar tana aukuwa ne a cikin ƙwaya guda a tsawon rayuwar mutum, ba ta kuma wucewa ga 'ya'yansa. Iyalan da ke gadon ta ba su taka kara sun karya ba.

To, me ya kai shi waje?

Nan ne gardama take. In dai ƙwayoyin Kahal a bangon hanji suke zaune, ta yaya ƙarinsu zai tsiro a mayafin kitse?

Amsa ta farko ita ce, akwai 'yan'uwansu a waje. A 2001 Sakurai da abokan aikinsa a Japan suka ba da rahoton ganin waɗansu ƙwayoyi masu ɗauke da KIT a cikin mayafin hanji. Waɗansu masana kuma suna ganin akwai wata uwar ƙwaya da ba ta gama zaɓar sana'a ba, wadda za ta iya rikiɗa ta ɗauki siffar ƙwayar Kahal a duk inda take.

Amsa ta biyu ta fi sauƙi, kuma hujjarta ta fi ƙarfi. A 2006 Agaimy da Wünsch a ƙasar Jamus suka sake bin diddigin GIST guda 200. Guda 14 daga ciki an rubuta su tun farko a matsayin na wajen hanji. Da suka koma kan rahotannin fiɗa, suka kuma duba ɓawon kowane ƙari da kyau suna neman ɓurɓushin tsokar hanji, sai 11 daga cikin 14 ɗin suka fita daga wannan sahu. Takwas a bangon hanji suka tsiro suka girma waje, uku kuma yaɗuwa ce daga wani ƙarin da ke wani wuri. Yadda abin yake shi ne, ƙari yakan fara a gefen waje na tsoka, ya riƙa kumbura zuwa cikin sararin ciki kamar kabewa a jikin yaɗo. Yana girma, igiyar da ta haɗa shi da hanji tana sirancewa, har wata rana ta tsinke ko ta zama zaren da ido ba zai kula da shi ba. Kafin nan mayafin hanji, wanda ɗabi'arsa ce ya je ya naɗe duk wani abin da bai gane ba a ciki, ya riga ya rungume shi yana shayar da shi jini. Likitan fiɗa ya zo ya tarar da shi a hannun mai riƙo, ya ɗauka ɗan gida ne.

Wani bincike da Miettinen da abokan aikinsa suka buga a 2009 kan mutum 95 masu ƙari a mayafin hanji ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi. Waɗanda ƙarinsu guda ɗaya ne tilo, siffarsa ta fi kama da ta ƙarin tumbi, sun kuma fi daɗewa a raye. Waɗanda nasu ya fito da yawa, siffarsa irin ta ƙaramin hanji ce, makomarsu kuwa ta fi muni. Wannan gardama ba ta ɗakin karatu kaɗai ba ce. Idan likitan fiɗa ya yarda cewa ƙarin daga waje yake, zai iya cire shi ya rufe ciki, ya bar saiwarsa a bangon tumbi. Shi ya sa ake so ya bi tumbi da hanji taƙi bayan taƙi da hannunsa kafin ya ɗinke.

Alamomin ciwon

Ƙarin da ke cikin bangon tumbi yana da hanyar tona kansa. In ya girma yakan huda laushin fatar ciki ya yi gyambo, sai jini ya riƙa tsiyaya. Mara lafiya ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko ya yi aman jini, ko jininsa ya ragu ya riƙa haki da jiri. Wannan yakan kai shi asibiti, a zura masa bututu mai fitila ta baki a ga abin. Sau da yawa ma ana neman wani ciwo ne daban a yi kiciɓis da shi tun yana ƙarami.

Na wajen hanji ba shi da wannan ƙofa. Ba ya taɓa hanyar abinci balle ya zubar da jini a cikinta, bututun likita kuma ba ya hango shi. Sararin ciki wuri ne mai yalwa da haƙuri, wanda yake iya ɗaukar jariri na wata tara, saboda haka ƙari sai ya yi ta girma ba mai ce masa kanzil. Lokacin da alama za ta bayyana, nauyinsa da girmansa ne suke magana: ciki ya kumbura, wani ciwo mara tsanani ya riƙa nuƙurƙusar mutum, ya ci loma kaɗan ya ji ya ƙoshi, ya rame, ko ya shafa cikinsa ya ji wani dunƙule. Wanda ya sauka ƙasa cikin ƙugu yakan danne mafitsara ko dubura, fitsari ya yawaita ko bayan gida ya yi wuya. Wani lokaci kuma ƙarin fashewa yake yi, jini ya malala cikin ciki, a kawo mutum asibiti ranga-ranga.

A 2000 Reith da abokan aikinsa a Amurka suka tattara mutum 48 masu wannan ciwo, kuma su ne suka yaɗa sunan EGIST. Shekarun marasa lafiyar daga 31 ne zuwa 82, matsakaicinsu 58. Girman ƙarin ya kama daga santimita 2 zuwa 32, na tsakiyarsu santimita 12, wato ya ɗara babban lemon taɓa-ka-lashe. Ciwo ne na manya, da wuya a gan shi ga yaro.

Babu ko ɗaya daga cikin alamomin nan da ta keɓanta da shi. Mace mai dunƙule a mara, abin da za a fara zato shi ne ƙarin mahaifa ko na ma'ajiyar ƙwai, kuma an sha shiga fiɗa da wannan zato a tarar da wani abu daban. A ƙasashenmu, inda kumburin saifa da ciwon hanta da tarin fuka na ciki suka yawaita, jerin abubuwan zargi ya fi haka tsawo.

Rini ne ke raba gardama

Na'urar sikanin takan nuna akwai dunƙule. Hoton CT ya fi ta bayani, domin yana nuna girman ƙarin da maƙwabtansa, da ko ya kai hanta. Galibi akan ga babban ƙari mai gefe a fili, tsakiyarsa ta ruɓe ta zama ruwa saboda ya fi ƙarfin jinin da ke ciyar da shi. Amma hoto ba ya faɗin suna. Sai an sami tsokar ƙarin, ta allura ko bayan fiɗa, an yanka ta siriri an ɗora a gilashi.

Ko a nan ma kallon siffa kawai yana yaudara, domin akwai ƙari iri-iri a ciki masu dogayen ƙwayoyi: na tsoka, na kitse, na rigar jijiya, da wani mai tauri da ke son maratayin hanji. Abin da ke bambanta su shi ne wani rini na musamman da ba ya kama komai sai furotin KIT. A ɗakin gwaji sunansa CD117, kuma yana kama kusan kashi 95 cikin ɗari na GIST, ƙwayoyin su koma ruwan ƙasa. A 2004 aka sami rini na biyu mai suna DOG1, wanda yake kama da yawa daga cikin waɗanda na farko ya ƙetare. Bayan wannan sai gwajin ƙwayar gado, domin a san ainihin inda gurɓacewar take. Tsokar da aka cire aka jefar ba tare da an kai ta ɗakin gwaji ba, ta tafi da sunan ciwon, ta kuma tafi da maganinsa.

Yadda ake auna makoma

Masana ba sa raba GIST gida biyu su ce wannan mai lafiya ne, wancan sankara. Abin da suke aunawa shi ne yawan haɗarin dawowarsa bayan an cire shi, kuma abubuwa huɗu suke dubawa.

Girma shi ne na farko, ana sa iyaka a santimita 2 da 5 da 10. Na biyu shi ne saurin hayayyafa. Masanin ɗakin gwaji yana zama da madubi ya ƙirga ƙwayoyin da ya kama suna cikin rabuwa a fili mai faɗin murabba'in milimita 5. In sun wuce 5, ƙarin mai gaggawa ne. Na uku shi ne wurin da ya tsiro, kuma alƙaluman da Miettinen da Lasota suka fitar a 2006 sun nuna nauyin wannan ƙarara. Ƙarin da ya wuce santimita 10 amma yana rabuwa a hankali, in a tumbi yake, kashi 12 cikin ɗari ne suke yaɗuwa. In a ƙaramin hanji yake, kashi 52 ne. Girma ɗaya, siffa kusan ɗaya, unguwa ce kawai ta bambanta. Na huɗu, wanda Heikki Joensuu ya shigar cikin ma'auni a 2008, shi ne fashewa. Ƙarin da ya fashe, ko da kansa ko a hannun likita, ya watsa iri a ciki, kuma ana sa mai shi a sahun masu babban haɗari ko da sauran ma'aunai sun yi kyau.

Idan aka ɗora na wajen hanji a kan wannan sikeli, sai a ga dalilin da ya sa sunansa ya ɓaci. A ma'auni na farko ya riga ya faɗi tun ranar da aka gano shi. A cikin mutum 31 da Reith ya sami labarinsu daga baya, 12 ciwon ya yaɗu a jikinsu ko ya kashe su, a bibiyar da tsakiyarta shekara biyu ce kacal. Ya kuma gano alamu uku na mugun ƙari: cunkoson ƙwayoyi, yawan rabuwa, da ruɓewar tsoka. Masu alama ɗaya ko babu, kashi 5 cikin ɗari ne abin ya yi musu muni; masu biyu ko uku kuwa, kashi 92. Wani babban nazari da Joensuu ya jagoranta a 2012, wanda ya haɗa mutum 2,560 da aka yi wa fiɗa, shi ma ya sa na wajen hanji a cikin masu yawan dawowa.

Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tsarin da ake bi a duniya wajen sa wa sankara mataki yana haɗa na mayafin hanji da na tumbi a aji ɗaya, na maratayin hanji kuma da na ƙaramin hanji. Na lungun ƙoda shi ya fi wuyar sha'ani, domin a can yana kewaye da manyan jijiyoyin jini, cire shi gaba ɗaya kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Wajibi ne kuma a karanta tsofaffin alƙaluma da lura, saboda yawancin marasa lafiyar da ke cikinsu sun yi jinya ne kafin zuwan maganin da za a ambata yanzu. In ciwon zai yaɗu, hanta da tantanin ciki yake nufa. Da wuya ya je kaluluwa, saɓanin yawancin sankarar hanji, shi ya sa ba a wahalar da mara lafiya da cire su.

Maganin da ya sauya lissafi

Fiɗa ita ce gaba, a fitar da ƙarin ɗungurungum ba tare da ɓawonsa ya tsage ba. Amma ga wanda ciwon ya riga ya yaɗu, kafin shekarar 2000 babu wani abin kirki da za a yi masa. Magungunan sankara na ƙarin ruwa ba sa yi masa tasiri sai ga 'yan ƙalilan, kuma rabin irin waɗannan marasa lafiya ba sa wuce wata 19.

A watan Maris na 2000, a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Joensuu ya ba wata mata mai shekara 50, wadda ciwon ya cika mata hanta bayan fiɗa da magunguna sun gaza, wani sabon magani da aka ƙirƙira domin sankarar jini. Sunansa imatinib, kamfanin Novartis yana sayar da shi da sunan Glivec. Cikin wata guda hoto ya nuna ƙarin ya daina aiki ya fara motsewa. Shi wannan magani yana shiga ne cikin ɗan ramin da furotin KIT yake karɓar makamashi ya toshe shi, kamar makullin da ya karye a cikin kwaɗo. A Fabrairun 2002 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi domin GIST, kuma a gwajin farko da aka bi marasa lafiya na tsawon lokaci, watanni 19 ɗin nan sun koma 57. Haɗiya ake yi, miligiram 400 a rana. Yakan kawo kumburin fatar ido, tashin zuciya, gudawa da ɗaurewar tsoka, amma yawancin mutane suna jure masa su ci gaba da sana'arsu.

Daga nan aka fara ba da shi bayan fiɗa ga masu babban haɗari, sahun da yawancin masu EGIST suke faɗawa. Gwajin da aka buga a 2012 ya nuna cewa cikin waɗanda suka sha shi shekara uku, kashi 92 cikin ɗari suna raye bayan shekara biyar, waɗanda suka sha shekara ɗaya kuwa kusan kashi 82. Akan kuma ba da shi kafin fiɗa domin babban ƙari ya ragu ya ciru. A Nijeriya, a 2003 aka fara raba shi kyauta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin wani shirin tallafi na Novartis da Gidauniyar Max.

Imatinib danne ciwon yake yi, ba ya kashe shi duka. Wanda ciwonsa ya yaɗu, in ya daina sha sai ƙarin ya farka, kuma ko yana sha, bayan shekara biyu zuwa uku waɗansu ƙwayoyin sukan sake gurɓacewa su canja siffar ramin yadda maganin ba zai zauna ba. Saboda irin waɗannan aka fito da sunitinib a 2006, regorafenib a 2013, da ripretinib a 2020. Akwai kuma wata gurɓacewa ta PDGFRA mai lamba D842V, wadda ake samu a ƙarin tumbi da na mayafin hanji, da imatinib ba ya yi mata komai tun ranar farko. Mai irin wannan ba a ba shi imatinib bayan fiɗa, in kuwa ciwonsa ya yaɗu, maganinsa shi ne avapritinib, wanda aka amince da shi a Amurka a Janairun 2020.